Godiya: an cire wa Baba roba, ya dawo gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Jiya da hantsi aka cire wa Baba robar fitsari. Ya yi fitsari da kansa sau uku, aka ɗora masa na'urar sikanin a mara, aka ga abin da ya rage a mafitsara bai kai mililita 60 ba, likita ya sa hannu aka sallame mu. Yanzu haka yana ɗakinsa yana barci, irin barcin da rabonsa da shi an fi shekara, tun da kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ya fara tashinsa sau biyar sau shida kowane dare. Kun san yadda aka faro tun daren da fitsarin ya tsaya cak, kun san makonnin da ya yi da roba a gida, ba sai an maimaita ba. Mun gaji, amma gajiyar mai daɗi ce.

Godiyar farko ta ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ce, ranar da aka yi wa Baba aikin kankare furostet ɗin.

Bayan irin wannan aiki ana barin roba mai baki uku. Baki ɗaya na hura 'yar balan-balan ɗin da ke riƙe robar cikin mafitsara, ɗaya ruwan gishiri ke shiga ta nan daga ledar da aka rataye a sama, na ukun kuma shi ke fitar da ruwan zuwa jakar da ke ƙasa. Ana wanke mafitsarar dare da rana don kada jinin wurin da aka kankare ya daskare. Wajen ƙarfe biyu na dare jakar ƙasa ta daina cika, alhali ruwan sama na ci gaba da ɗiga. Cikin 'yan mintuna marar Baba ta taso ta yi tauri kamar dutse, gumi ya keto masa, ya damƙe ƙarfen gado yana salati. Mutumin da bai taɓa cewa wayyo a gaban 'ya'yansa ba, ranar ya ce.

Ta zo da sauri amma ba ta ruɗe ba. Abu na farko, ta rufe ruwan da ke shiga. Ta bi bututun da yatsa ko ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ta matsa shi, shiru. Sai ta sa safar hannu, ta cire mahaɗin, ta ɗebo ruwan gishiri a babban sirinji mai mililita 50, ta tura a hankali ta zuƙo. Sau biyu babu komai. A na uku gudan jini baƙi kamar babban yatsa ya faɗo cikin kwano, ruwa ya biyo baya da ƙarfi. Duk tsawon lokacin bakinta bai daina ba: "Sannu Baba, saura kaɗan Baba, yanzu za ka ji sauƙi." Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ba ta tafi ba sai da ta ja layi da biro a jikin jakar, ta nuna wa masu jinya cewa abin da ke fita dole ya fi abin da ke shiga yawa, kuma launin ya riƙa sauka daga ja zuwa ruwan hoda. In ya tsaya, ko ya koma ja mai kauri, a kira ta ko ƙarfe nawa ne. Ba mu tambayi sunanta ba. Allah ya san ta. Allah ya haskaka rayuwarta, ya jiƙan magabatanta, ya ba ta 'ya'yan da za su tsaya mata yadda ta tsaya wa mahaifinmu.

Da yawa kun kira kuna tambaya saboda iyayenku ko mazajenku na fama da irin wannan, to ga abin da ya kamata a riƙe.

Furostet wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan mafitsara, nauyinsa kamar giram 20 a jikin matashi, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Yana girma da shekaru, in ya girma sai ya shaƙe hanyar. Shi ya sa fitsari ke jinkirin fitowa, ya fito siriri, ya katse, a gama a ji kamar ba a gama ba. Wannan kumburin ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma alamominsu na iya kama, don haka ake yin gwajin jini na PSA, likita ya duba da yatsa, a yi sikanin, a kuma auna aikin ƙoda. Kada kunya ta hana dattijo wannan dubawar, minti ɗaya ce. Mafitsara lafiyayya mililita 400 zuwa 500 take ɗauka. Fitsarin da aka zuƙe wa Baba a daren farko ya haura lita ɗaya, kuma ƙodarsa ta riga ta fara jin nauyin, domin fitsarin da ya rasa hanya baya yake dannawa.

Magani iri biyu ne aka fi bayarwa, kuma aikinsu ba ɗaya ba. Tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana bayan cin abinci, yana sassauta tsokar wuyan mafitsara ne, ana jin bambanci cikin kwanaki, amma ba ya rage girman komai. Yana kawo jiri in aka miƙe da sauri, saboda haka dattijo ya fara zama a bakin gado kafin ya tashi, musamman in yana shan maganin hawan jini. Wanda za a yi wa aikin yanar ido lallai ya faɗa wa likitan ido yana shan sa. Finasteride, miligiram 5 a rana, shi ne mai rage girman, amma sai an yi wata shida ana sha kafin a ga amfaninsa sosai. A nan mutane ke faɗuwa: a sha wata ɗaya, a ce ba ya aiki, a ajiye. Yana kuma rage adadin PSA da kusan rabi, don haka duk likitan da zai karanta sakamakon a gaya masa ana shan sa. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar in ta fashe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne abin da ya tsayar da fitsarin tun farko ƙaramin abu ne. Maganin mura. Waɗanda ke buɗe hanci masu pseudoephedrine suna ƙara matse wuyan mafitsara, masu sa barci irin chlorpheniramine kuma suna kashe ƙarfin mafitsarar kanta. Taurin bayan gida da daɗewa ana riƙe fitsari su ma suna jawo hakan. Duk mai wannan lalura kada ya sha maganin mura sai ya tambaya. In kuwa fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, ba abin jiran gari ya waye ba ne, kuma ɗura ruwa ba ya buɗe hanya, ƙara azaba yake.

Sau biyu aka gwada cire wa Baba roba bayan ya yi kwanaki kan magani, sau biyu fitsarin ya ƙi, sannan aka yanke shawarar aiki. Wanda aka yi masa shi ne TURP. Ba a yanka ciki. Allura ake yi a gadon baya, rabin jiki ya mutu, a shigar da na'ura ta hanyar fitsari a kankare naman da ya toshe hanya, cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya fi dacewa da furostet mai giram 30 zuwa 80. Wanda ya wuce haka akan buɗe mara ko a yi da leza. Kafin aiki a nuna wa likita duk wani maganin tsinka jini, aspirin ko clopidogrel ko warfarin, shi zai faɗi ranar dainawa, ba mai haƙuri ba. Akwai kuma maganar da ake jin nauyin faɗa, gara a ji ta tun kafin a shiga: akasarin waɗanda aka yi wa wannan aiki maniyyinsu mafitsara yake komawa maimakon ya fito. Ba ya cutarwa, amma mai neman haihuwa ya zauna da likita tukuna.

Masu jinyar mai roba a gida: jakar ta kasance ƙasa da ƙugu kullum, bakin zubarwa kada ya taɓa ƙasa, a wanke hannu kafin a taɓa da bayan an taɓa, a zubar kafin ta cika. Kada a kuskura a ja robar, balan-balan ɗin na ciki, za ta yaga hanya. In fitsari na yoyo ta gefe, a fara zargin toshewa.

An ce kada a ware wasu a irin wannan saƙo, ku yi mana afuwa. Kawu, ƙanin Inna, kai ka miƙa hannu aka ɗebi jini tun kafin a gama tambayar wa zai bayar. Goggo, da ciwon gwiwarki kika kwana uku kan kujera. Yaya Babba, kai ka koyi zubar da jaka da rubuta adadi, ba ka taɓa yamutsa fuska ba. Maƙwabcinmu da ya fito da mota cikin dare ba tare da ya tambayi ina za a ba. Likitan da ya zana mana mafitsara a bayan takarda har Inna ta fahimta ta daina kuka. Masu shara da masu tura gado. Da ku da kuka taimaka da abin hannunku kuka ce kada a faɗa, ba mu faɗa ba, Wanda kuka yi dominsa ya gani. Ita kuwa Inna, ba mu da bakin gode mata.

Akwai waɗanda Baba ya riƙa tambaya ko sun zo, yana duban ƙofa duk lokacin da aka buɗe ta. Mun ce masa hidima ce ta yi musu yawa. Ƙofar gida a buɗe take, har yanzu bai daina tambaya ba.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri. Allah ya sa abin da Baba ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah kada ya jarrabe ku da irin wannan dare, in kuma ya jarrabe ku, ya haɗa ku da masu tausayi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana iyayenmu cikin mutunci da rufin asiri. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Ga masu zuwa dubiya, muna maraba, sai dai a taƙaita zama. An hana shi ɗaukar kaya mai nauyi da yunƙuri har mako huɗu zuwa shida, ana so ya riƙa shan ruwa kamar lita biyu a wuni, a rage da yamma. In kun ji an ce fitsarinsa ya sake yin ja tsakanin kwana 10 da 14, kada hankalinku ya tashi, ɓawon ciwon ne ke faɗuwa. Abin da zai mayar da mu asibiti nan take shi ne jini mai kauri da gudaji, ko zazzaɓi, ko fitsarin ya sake tsayawa. Naman da aka kankare yana ɗakin gwaji, sakamakonsa bai fito ba tukuna, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Ku haɗa da dattijon da ke gadon kusa da na Baba, mun baro shi da robarsa, jibi za a shiga da shi.