Siririn ruwan da ke manne da bangon bututu

Duk wanda ya taso da randa a Arewa, in ya zo Agege ko Mile 12 a Legas zai ga ruwanta ba ya yin sanyin da ya saba. Ba laifin maginin tukwane ba ne. Randa na sanyaya ruwa ne ta hanyar zufar da ke tsatsowa a jikinta iska ta busar, kuma kowane kilo na ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi kusan kilojul 2,400. A Kano lokacin bazara iska a bushe take, tana zuƙe zufar nan take. A Legas iska ta riga ta ƙoshi da laimar teku. Wannan iyaka ce ke kan hasumiyar sanyaya ruwa ta masana'antun Ikeja: komai girman fankarta, ba za ta sauke ruwa ƙasa da abin da ma'aunin zafi mai jiƙaƙƙen tsumma a baki ya nuna ba. Injiniyan da ya ɗauko lissafin wata ƙasa bai auna wannan ba, ya sayi hasumiyar da ta yi wa aikin kaɗan.

Darasin da ya fi zama a kai daga Ludwig Prandtl, injiniya ɗan Jamus, ya fito. A 1904, a taron masana lissafi a Heidelberg ta Jamus, ya gabatar da gajeruwar takarda da ta nuna cewa ruwa ko iskar da ke gudu a kan ƙarfe na barin wata siririyar shimfiɗa manne da bango, inda gudun ke raguwa har ya tsaya cik. Zafi kuwa dole ya ratsa ta kafin ya shiga cikin ruwan. Kusan duk dabarar sanyaya inji ƙoƙari ne na sirantar da wannan shimfiɗa. A ganina nan ake gane tasirin mai bincike, ba a yawan waɗanda suka ambaci sunansa a mujallu ba: bakaniken da bai taɓa jin sunan Prandtl ba, da aikinsa yake cin abinci.

Kafin shi, Osborne Reynolds a Mancesta, a 1883, ya zura tawada cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. In gudun kaɗan ne, tawadar na miƙewa kamar zare. In ya ƙaru, sai ta tarwatse. Lambar da ke ɗauke da sunansa, wadda ake samu daga gudun ruwa da faɗin bututu da kaurin ruwan, ita ke raba biyun: ƙasa da 2,300 ruwa na tafiya a natse, sama da 4,000 ya hargitse. Ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa cikin bututu mai faɗin milimita 25 yana ba da kusan 25,000. Man inji da bai ɗau zafi ba, a bututun nan da gudun nan, ko 500 ba ya kaiwa.

A nan ɗalibai ke yawan zamewa. Ƙa'idar Dittus da Boelter ta 1930, wadda ake lissafa wucewar zafi tsakanin bangon bututu da ruwan cikinsa da ita, tana da sauƙin haddacewa, shi ya sa ake maka ta a ko'ina. Amma an gina ta ne don lambar Reynolds da ta haura 10,000, a bututun da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau goma ko fiye, kuma ko a cikin iyakarta kuskuren na iya kaiwa kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya sa ta a lissafin mai, kwamfuta za ta ba shi amsa tsaf, amsar kuma ba ta da alaƙa da abin da ke cikin bututun. Ƙa'idar na kuma tona tsadar gudu: in aka ninka shi biyu, fitar zafi na ƙaruwa da kusan kashi 74 cikin ɗari, amma wutar da famfo ke ci na ninkuwa wajen sau bakwai.

Sai datti, wanda littafi ke taɓawa a shafi guda, aiki kuwa kullum a kansa ake. Ruwan burtsatse da ake ɗura wa lagireton janareta yana barin farin ɓawo a cikin bututu. Tagulla na wuce da zafi sau 200 fiye da ɓawon nan, don haka milimita 1 nasa daidai yake da an ƙara wa bangon tagulla kaurin santimita 20. Daga waje kuma, iskar gishiri ta Apapa da Lekki na cin siraran fukafukan alminiyum na lagireto har su riƙa marmashewa a hannu.

In janareta na zafi, kada a fara da cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi. A auna zafin ruwa a bakin shiga da bakin fita na lagireto. In tazarar ta yi yawa, ruwa ne ba ya gudu: a duba famfo, bel da toshewa. In tazarar kaɗan ce alhali duka biyun sun yi zafi, zafin ne ba ya fita: ko ɓawo, ko fukafukai sun cushe da ƙura da mai. Sannan a sa ma'auni a inda fanka ke zuƙo iska. A matsatsin gidajen Legas ana yawan jingina inji da katanga, iskar da ya fitar ta bugi bango ta dawo masa. In iskar wurin ta fi ta tsakar gida da digiri 10, a ja injin baya ko a yi wa iskar hanyar fita da kwano kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.