Shekara uku ina gyaran janareto a Darfur

Satin nan kaɗai mutum uku suka min magana a WhatsApp, duk tambayarsu ɗaya, wai Kawu dan Allah ya ake samun irin aikin nan da ka taɓa yi a waje wanda ake biya da dala. Ɗayansu ɗan yayata ne, ya gama difloma a fannin lantarki shekara biyu kenan yana zaune, kuma wallahi ban ga laifinsa ba don nima abin da ya fitar da ni daga gida kenan, neman abin rufin asiri. Saƙon murya na minti biyu ba zai ɗauki maganar ba shi yasa nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, wanda ya karanta sai ya yi shawara da zuciyarsa da iyayensa.

Ni dai ba soja bane, makaniki ne. Wani kamfani mai kwantiragin kula da janareto da famfunan burtsatse a sansanonin dakarun wanzar da zaman lafiya ne ya ɗauke ni a farkon 2011, aka kai ni Nyala babban birnin Darfur ta Kudu a ƙasar Sudan, ban dawo gida gaba ɗaya ba sai ƙarshen 2013. Rundunar da muke wa aiki ita ce UNAMID, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kama aiki ranar ƙarshe ta shekarar 2007, yaƙin Darfur kuwa tun 2003 ake yinsa. An amince mata da soja da 'yan sanda kusan dubu 26, hedikwata a El Fasher. Kwamandanta na farko Janar Martin Luther Agwai ne ɗan jihar Kaduna, lokacin da na je kuma Farfesa Ibrahim Gambari ne shugaba, to kaga ɗan Najeriya ba baƙo bane a wurin, kana tafiya cikin sansani sai kaji wani soja yana ƙwala wa wani kira da Hausar barikin nan tamu. Ga 'yan Ruwanda da Habasha da Masar da Tanzaniya, ga injiniyoyin Sin, ga asibitin Pakistan, ga 'yan sandan Bangaladesh, kowa da tukunyarsa da masallacinsa ko cocinsa a cikin shingen waya ɗaya.

Aikin kansa wuta ne da ruwa, kuma babban abokin gabanmu ƙura. Akwai wata guguwa da suke ce wa habub, zaka hango ta daga nesa kamar katangar jar ƙasa ta tokare sama tana tahowa, cikin minti kaɗan rana ta koma dare, hazon hunturun Kano ko kusa bai kama ƙafarta ba. In ta wuce duk filtar iska ta toshe, janareto ya fara tari yana hayaƙi, kuma in ya mutu to firjin magani ya tsaya, rediyo ya tsaya, sumo ya daina turo ruwa ga mutum ɗari da wani abu da suke zaune a tsakiyar daji. Sau da yawa ƙarfe biyun dare nake fita da tocila a baki ina kwance inji. Wannan ɓangaren ban taɓa ƙinsa ba, sana'ata ce.

Abin da ke cin rai shi ne fita. Ƙananan sansanoni suna warwatse a garuruwa, kuma ba ka isa ka ɗau akwatin sifana ka hau mota ka tafi ba, sai da rakiya. Tun jiya ka ba da suna, da asuba a jera motoci, mai sulke a gaba mai sulke a baya mu farar hula a tsakiya, ka sa rigar sulke da hular kwano a zafin da ko singileti nauyi take maka, a gwada oba-oba, sannan a tashi. Tafiyar da a hanyar Zariya zuwa Kano awa biyu ce sai ta cinye wuni guda, da damina kuwa in kwari ya kawo ruwa sai dai ku zauna a bakinsa ku jira ya janye, na taɓa kwana biyu a cikin mota a haka. Wani lokacin kuma ba ruwa ba komai, shinge ne kawai da 'yan samari riƙe da bindiga da wata Land Cruiser da aka yanke wa kai aka ɗora mata babbar bindiga, su ce ba a sanar da su ba, hafsan da ke jagorantarmu ya sauka ya yi ta magana ta bakin tafinta awa ɗaya awa biyu, ƙarshe a juyo. Ranar farko da na ga motocin sulke sun juya saboda yaran da ba su kai ƙanina ba raina ya ɓaci sosai, sai daga baya na gane cewa rundunar tana ƙasar mutane ne da izinin gwamnatin ƙasar, in ta buɗe wuta a shinge ɗaya to gobe hanyoyi goma za a rufe, mutanen ƙauyen da ake son kaiwa gare su kuma su za su biya. Na gane, amma har yau abin bai kwanta min ba.

A irin wannan zaman jiran ne na san direbanmu. Dattijo ne ɗan wajen shekara sittin a lokacin, ɗan Nyala, muna ta fama da guntun Larabcina da guntun Turancinsa kusan sati biyu, ranar nan spana ta kuɓuce ta bugar min yatsa nace wayyo Allah hannuna, sai naji ya juyo yace, "Yaro, kai Bahaushe ne?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Nace Baba daga ina, yace shi nan aka haife shi, ubansa ma nan, kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare a hanya ya tsaya noma, shikenan zama ya kama. Hausarsa irin ta tsofaffi ce tsantsa da Larabci a cakuɗe, akwai kalmomin da rabona da jinsu tun kakata tana raye. Irinsu suna da yawa a Sudan, ana haɗa su da Fulani da Barebari a ce musu Fallata, wasu ta hanyar aikin hajji suka zo, wasu kuma hijira suka yi bayan Turawa sun ci Sakkwato aka yi yaƙin Burmi a 1903, har garin Mai Wurno suka kafa a bakin kogin Shuɗin Nilu. Shi ya kai ni wurin masu agashe a kasuwa, na ga nama da ƙuli da yaji a kan wuta nace Baba ai wannan tsire ne, yayi dariya yace to sunan ma ka saurare shi da kyau mana, a gashe.

Da azumi mutanen Sudan a titi suke shan ruwa, kowane gida ya fito da tire a shimfiɗa tabarmi a ƙofa, in ka zo wucewa sai sun tare ka ka zauna. Mu kuma dokar sansani ta ce kafin magariba kowa ya kasance cikin waya saboda fashin motoci da satar ma'aikata da ake yi a garin a shekarun nan. Azumi uku nayi a Nyala ban taɓa zama a tabarmar nan ba. Baba ne yake zuwa min da asida, tuwonsu kenan, da wani abin sha mai tsami-tsami da suke kira hilu mur, ya miƙo min a bakin get kafin ya wuce gida.

Wurin da ya fi tsaya min a rai Kalma ne, sansanin 'yan gudun hijira da ke gabas da Nyala kaɗan. Sunansa sansani amma ya fi garuruwa da yawa da na sani cika, gidajen laka da leda iya ganinka, yaran da aka haifa a ciki har sun shiga makaranta ba su taɓa ganin ƙauyen iyayensu ba. Akwai ofishin 'yan sandan rundunar a wurin, janaretonsa nake zuwa dubawa. Wata safiya na tarar da mata sun fi hamsin zaune a gefen hanya da jakuna da igiyoyi da gatura, ba mai magana, na tambayi Baba me suke jira yace sintirin itace. Itacen kusa ya ƙare tuntuni sai an yi nisa, in namiji ya fita ana iya kashe shi, in mace ta fita ana iya yi mata fyaɗe, sai iyali su zaɓi tura macen don ita dai za ta dawo da rai. Ranar da motocin sintiri za su bi su sai su fita da yawa su yi ta sara har la'asar, ranar da babu kuma wasu haka nan suke fita don tukunya ba ta jira. Duk wanda zai ce min dakarun nan ba su tsinana komai ba ina jinsa, akwai ƙauyukan da aka ƙona ba su je ba ko suka je a makare, wannan duniya ta sani, amma ni na ga fuskar matan nan lokacin da farar mota ta ɓullo.

Su ma sojojin sun biya da jini. Tun kafin in je, a watan azumin 2007, aka afka wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita aka kashe 12 mafi yawansu 'yan Najeriya. Ina can a farkon Oktoba 2012 aka yi wa namu kwanton ɓauna kusa da El Geneina aka kashe huɗu, a Yulin 2013 kuma aka kashe 'yan Tanzaniya bakwai a yankinmu na kudu. Daren da labarin El Geneina ya iso ba wanda ya kunna kallon ƙwallo, wani kofur da muke sallah tare ya zauna a bayan kwantena yana ta kiran matarsa layi na yankewa, so yake kawai ta ji muryarsa kafin ta ji a rediyo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To ga abin da nake so ɗan yayata ya ji da kyau. Ni ina da fasfo, ina da hutu duk bayan 'yan watanni, jirgi ya kai ni Khartum in wuce gida in ga 'ya'yana, kuma sunana yana cikin jerin waɗanda za a kwashe in gari ya rikice. Baba da tafintoci da masu shara da masu gadi hanya ɗaya muke bi, nakiya ko harsashi ba ya tambayar fasfo, amma albashinsu bai kama ƙafar namu ba, da yamma mu shige cikin waya su kuma su koma unguwa inda kowa ya san da wa suke aiki. Ranar da zan taho ya rako ni har filin jirgi, ya riƙe hannuna yace, "Ka gaida mutanen gida, ka ce musu muna nan." Kuɗin da na samo na gina gida da shi na buɗe shago, alhamdulillahi, ban raina ba, sai dai duk sanda na tuna wannan kalma tasa sai inji wani abu ya tokare min ƙirji.

Wa'adin UNAMID ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020, zuwa tsakiyar 2021 an gama kwashe mutane. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, a watan Yuni aka yi wa 'yan ƙabilar Masalit kisan gilla a El Geneina har da gwamnan jihar Darfur ta Yamma Khamis Abakar, dubban mutane suka tsallaka Adre ta ƙasar Chadi a ƙafa, a Oktoba Nyala ta faɗa hannun RSF, a 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da El Fasher. Sunayen da nake ji a labarai wurare ne da na san ƙurarsu.

Wanda duk da haka yake son tafiya ban hana shi ba, aiki ne na halal kuma ana buƙatar masu sana'ar hannu. Amma kar ka ba kowa ko sisi, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗin fom ko na intabiyu, duk ejan da ya ce ka turo kuɗi zai saka sunanka ɓarawo ne. In kamfani ne ka karanta kwantiragin da kanka, ka tambayi inshora, wa zai biya in ka ji rauni, wa zai kawo gawarka gida, kuma sunanka na cikin waɗanda za a kwashe ko babu. Ka rubuta wasiyya, ka biya bashin da ake binka, ka nemi yardar mahaifiyarka da gaske ba ta waya daga filin jirgi ba. Ka koyi gaisuwar mutanen wurin, ka kuma san sunan direbanka da na 'ya'yansa.

Saƙon Baba na ƙarshe ya shigo min a watan Agusta 2023, murya ce ta daƙiƙa arba'in, ana jin ƙarar harbi a bayansa, yace unguwarsu ba ruwa ba wuta, zai gwada fitar da iyali ta yamma in hanya ta yi, yace in sa su a addu'a in kuma gaida yaran da sunansu ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko ɗaya ba. Tun daga ranar duk abin da na tura bai shiga ba. In akwai mai karanta wannan a Adre ko Abeche ko Anjamena da ya san inda Hausawan Nyala suka sauka, dan Allah ya min magana ta akwatin saƙo, sai in ba shi cikakken sunansa da na unguwarsu.