Santimita biyu da gwiwar Hajiya: zuwanmu Disneyland ta Paris

Daga lakwal maganar ta taso. Duk aka koma daga hutu sai malama ta tambayi yara inda suka je, kowa ya kawo nasa labari, wannan teku, wancan dutsen ƙanƙara. Ranar nan babbar 'yarmu ta dawo ta yar da jaka ta ce, "Mama, ni kullum sai dai in ce mun je gidan kawu a Villeurbanne." Villeurbanne ɗin da ko a ƙafa kana iya zuwa daga gidanmu na Liyon. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Shekararmu tara a Faransa, duk ɗan abin da muka tara tikitin zuwa Damagaram yake cinyewa, ko biki, ko rasuwa, ko ginin da ya ƙi ƙarewa. Ba mu taɓa fita don yara kawai su sha iska ba.

Da ɗaukata ta adashi ta zo a watan Janairun 2024, ban ko bari kuɗin sun kwana a hannuna ba, don na san halin kuɗi, suna jin ƙamshin matsala. Na ce wa maigida Disneyland za mu. Ya dube ni ya ce, "Mu shida?" Mu shida: ni da shi, babbar mai shekara 12, na tsakiya mai 7, auta mai biyu da rabi, sai surukata Hajiya da ke zaune tare da mu saboda jinyar gwiwa.

Ga wanda bai san wurin ba, ba a cikin birnin Paris yake ba. Yana Marne-la-Vallée, wajen kilomita 32 gabas da birnin, kuma tun 1992 aka buɗe shi. Filin wasa biyu ne ƙofa da ƙofa: babban mai fadar nan da ake gani a hotuna, da na biyun da aka ƙara a 2002, wanda a lokacin zuwanmu ake kira Walt Disney Studios. Tikitin ranar da ka zaɓa farashinsa yana hawa yana sauka, na ƙarshen mako da na lokacin cunkoso sun fi tsada. Yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, don haka auta ta tsira. Kuɗin yara kuwa daga shekara 3 ne zuwa 11. Babbar ta cika 12 a watan Disamba, sai ga ni ina biya mata kuɗin manya. Da mun motsa wata huɗu kafin nan, da ragowar ta ishe mu abincin yini.

Wurin zaɓen rana ne kaɗai zan yabi kaina. A Faransa an raba makarantu shiyya uku don hutun bazara kada kowa ya fita lokaci guda. Liyon tana shiyyar A, Paris tana C. A shekarar, yaran Paris sun riga namu fita da mako guda, sun kuma riga su komawa. Sai na ɗauki Talata da Laraba a mako na biyu na hutunmu, lokacin da yaran Paris suka koma aji. An yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, saboda haka ba maganar azumi. Mutane dai suna nan maƙil, kada wani ya ce na ce masa fili ne fetal, amma da sauƙi.

Masauki mun yi ta kai da kawowa a kansa. Otal-otal ɗin kamfanin suna da abin da ke jan hankali: wanda ya kwana a cikinsu ana barinsa ya shiga da sassafe kafin a buɗe wa sauran jama'a. Amma mu shida ɗaki biyu za mu kama, kuma ba wurin girki. Hajiya ba ta cin abincin da ba ta ga hannun da ya dafa ba. Muka kama ɗan gida mai madafa a Val d'Europe, tasha ɗaya tak kafin filin a jirgin ƙasa na RER A, ga kuma babban kanti kusa inda muka sayi burodi, ƙwai, madara da shinkafa. Daga tashar Part-Dieu ta Liyon jirgin ƙasa mai gudu na TGV ya kai mu Marne-la-Vallée kai tsaye cikin kusan awa biyu, kuma kana fitowa daga tashar ƙofar shiga na kallonka. Yara suka ga ƙofa suka fara tsalle, muka ja su muka juya baya, don Litinin ce, tikitinmu sai gobe.

To, sai takardata. Na kwashe makonni ina kallon bidiyo ina rubutu. Na tsara yini tun daga buɗe ƙofa har rufewa, ƙarfe kaza muna nan, ƙarfe kaza muna can, lilo goma sha huɗu a rana ta farko, har da tsallakawa filin na biyu da rana. Maigida ya karanta ya ce ko aikin Hajji bai kai wannan tsari ba. Na ji haushi a lokacin. Abin da babu a takardar shi ne ƙafafun mutanen da za su bi ta.

A bakin shiga akwai inda ake ba da hayar keken guragu da na jarirai. Na san da shi, na ma sa shi a lissafi. Maigida ya sunkuya ya ce, "Hajiya, ko a karɓo miki keke?" Ta ɗaure fuska ta ce, "Ni gurguwa ce? Da ƙafata na yi ɗawafi." Wa zai ja da ita? Ni suruka ce, na yi shiru, shi ma ɗan nata ya yi shiru. Tafiyar ba ita ta kayar da ita ba, tsayuwa ce. Layi na minti arba'in ko hamsin, ana matsawa taku biyu a tsaya, ba wurin zama. Kafin azahar gwiwar ta kumbura har ana gani ta cikin zane. Ba ta ce uffan ba, sai dai na lura carbinta ya daina motsi, ta damƙe shi kawai.

Ana cikin haka na tsakiya ya ja mu zuwa abin da ya kawo shi, Hyperspace Mountain, jirgin da ke harba mutum sama ya shiga da shi cikin duhu yana juyi. Wata biyu ba shi da zance sai shi. Manyan lilon kowanne da tsawon da ake buƙata: Big Thunder Mountain santimita 102, Crush's Coaster 107, wannan 120, na Indiana Jones har 140. Na san duk wannan. Na ma auna shi a gida, da tef ɗin ɗinki, yana tsaye kan darduma, yana miƙa wuya, ni kuma ina son lissafi ya fita, sai na ga 120 na rufe ido. A bakin layi ma'aikaciyar ta tsayar da shi jikin ma'auni. Ya ɗaga diddige, ta yi murmushi ta ce ya sauke. Tsakanin kansa da sandar akwai wurin yatsa biyu. Ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali, kuma gaskiyarta, ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba ya san rarrashi. Yaron bai yi ihu ba. Ya juyo ya ce, "Mama, ke kika ce na kai." Da ya yi birgima a ƙasa da ya fi mini sauƙi.

Yayarsa da babansu suka shiga, mu muka samu benci. Hajiya ta miƙe ƙafa, ta jawo shi jikinta, ta buɗe jakata ta ciro dambun naman da na yi a gida da naman mahaucinmu na Guillotière. Tana ba shi a baki tana cewa, "Ci, maigidana, da nama ake tsawo. Ubanka ma sai da ya shekara goma ana ce masa gajere." Ya yi dariya da hawaye a fuska. A kan bencin nan na ninke takardata na tura ƙasan jaka.

Guzurin ya taimake mu ƙwarai. Ana duba jaka a ƙofa, ba a shiga da manyan kuloli, amma ɗan abin taɓawa a jakar goyo ba wanda ya hana mu. Dambu, cincin, dabino, dafaffen ƙwai, burodi, da gorunan ruwa da muke cikawa a famfunan wurin. Abin da muka saya a ciki kifi ne da dankali da abin da ba nama, sai askirim, don ba a kai yaro irin wannan wuri a ce masa komai daga gida. Wanda ya ci abinci ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ko bayan biyu ya huta da layi. Mu ranar farko ƙarfe ɗaya daidai muka je, tare da duk duniya.

Sallah kuwa, tunda matafiya ne, mun yi ƙasaru mun haɗa azahar da la'asar. Buta ce matsala. Ba ka shiga da buta tana leƙe daga jaka, sai na ware gorar ruwa guda mai murfin tsotso na ɗaura mata zare ja don kada yara su sha. Muka samu lungu mai ciyawa bayan wasu bishiyoyi, muka shimfiɗa ɗankwali, muna yi bi da bi, Hajiya a zaune. Masu wucewa ko kallo ba mu ishe su ba, kowa ta yaransa yake. A ƙarshen Afrilu rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe tara na dare, wasan wutar da ake harbawa sama kuma sai duhu ya yi sosai. Ranar farko ba mu kai ba. Ƙarfe biyar aka fara yayyafi mai sanyi, rigunan ruwan da na saya tun daga Liyon suna can kan gado a masauki, auta ta fara kuka, muka tattara.

Da dare ina shafa wa Hajiya man zafi, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Keken nan, nawa ne ma hayarsa?" Na ce ba tsada. Ta ce, "To, saboda yarinyar nan, in ta gaji sai in ɗauke ta." Na ce haka ne, Hajiya, saboda auta.

Laraba ba takarda. Na ce kowa ya faɗi abu ɗaya da in ya yi shi ya gamsu. Babbar ta ce Crush's Coaster, na tsakiya ya ce Big Thunder Mountain, maigida ya ce kofi da wurin zama. Muka isa kafin a buɗe, muka nufi Crush's Coaster kai tsaye, don layinsa in rana ta ɗaga ba ya shiguwa. Manhajar wurin tana nuna minti nawa ake jira a kowane layi, da ita muka riƙa juyawa, sai dai tana shan batir, gara mutum ya riƙe abin caji. Akwai hanyar biyan kuɗi a tsallake layi, ba mu taɓa ta ba. Dabaru biyu na kyauta suka wadatar. Ɗaya, masu jariri suna iya yin karɓa-karɓa: uba ya bi layi ya hau, in ya fito uwa ta shiga ba tare da ta sake layi ba. Sai ka tambayi ma'aikacin bakin ƙofa tun kafin ka shiga. Ɗaya kuma layin mai hawa shi kaɗai, inda ake cike gurbin kujera da kai. Babbar da babanta sun yi ta bin sa, ba su zauna tare ba amma sun hau sau biyu a lokacin da wasu ke jiran na farko.

Big Thunder Mountain tare muka hau da na tsakiya. Jirgin yana nutsawa ta ƙarƙashin tafki cikin duhu kafin ya ɓullo a tsibirin dutsen, kuma a nan na gane ni ce matsoraciyar gidan. Ina salati da ƙarfi, shi yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Mama, buɗe ido!" Ban buɗe ba. Har yau yana ba da labarin, kullum da ƙari.

Ƙarfe biyu muka koma masauki, abin da takardata ba za ta taɓa yarda da shi ba. Aka ci shinkafa da miya, aka yi sallah a natse, kowa ya yi barci, muka dawo da yamma. Tasha ɗaya ce, kuma tikitin yana ba ka damar fita ka dawo a ranar. Hajiya, wadda jiya take cewa wannan duk wasan yara ne, ita ta sa muka shiga kwalekwalen It's a Small World sau biyu. 'Yan tsana ɗaruruwa cikin tufafin ƙasashe suna rawa, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya tana neman namu. Da jerin gwanon motocin ado ya zo wucewa, muka samu wuri a gaba. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "Ba laifi. Amma ba doki, ba algaita. Su zo ƙofar Sarkin Damagaram ranar Sallah su ga hawa." Duk da haka da wani mai kayan ɓera ya ɗago mata hannu, da hannu biyu ta mayar.

Wasan wutar auta ba ta gan shi ba, ta yi barci a cinyar kakarta cikin keken, an lulluɓe su da bargo ɗaya. Muna fita cikin turmutsutsu maigida na tura su, Hajiya na ba shi umarni, dama, hagu, yi a hankali, kamar motarta ce tun asali.

Da muka koma Liyon na samo ma'aunin kafinta, na cire darduma, na ja layi da fensir a jikin ƙofar madafa daidai santimita 120. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yake zuwa ya jingina, ba takalmi, diddige a ƙasa, yayarsa ta ɗora littafi a kansa. A watan Nuwamba littafin ya rufe layin. Ya zo da gudu yana tambayar yaushe za mu koma. Na ce ya je ya tambayi uwar adashi, ɗaukata sai an zagayo.