Tambayar da Hedimastan Ƙauye Ya Yi Mini

Akwai wani hedimasta a wani ƙauye da ke bayan garinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya taɓa yi mini tambayar da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Na je makarantarsa da jaka cike da takardun tambayoyi, irin waɗanda muke raba wa malamai su yi maki: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini ruwan randa, sannan ya gyara zama ya ce, "Dakta, ranka ya daɗe, wannan zuwanka na uku ke nan da irin takardun nan. Na farko da na biyu da muka cike, me aka gano?" Na yi 'yar dariya na ce ana kan aiki. Ƙarya na yi. An gama aikin tuni, an buga shi, har na ci ƙarin girma da shi. Abin da aka gano yana kwance cikin wata mujalla a kabad ɗin ofishina, ƙura ta rufe ta.

Da ku nake, ƙannena da 'ya'yana da kuka samu aikin lakcara a kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'i. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina horar da malamai, kuma mafi yawan shekarun nan lissafi na yi, ba bincike ba. Kun san tsarin. Duk bayan shekara uku ake duba mutum, a ƙirga muƙalunsa, a ce ya kai ko bai kai ba. To sai na koyi dabarar da na tarar ana yi. A ɗauko take irin "Ra'ayin malamai game da kaza a ƙaramar hukumar kaza", a raba takarda ɗari biyu, a ba wani yaro mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma, a rufe da shawarar da kowa ya haddace: gwamnati ta ƙara kuɗi, a riƙa shirya wa malamai bita. Baɗi a canza sunan ƙaramar hukuma a sake. Ga kuma sa-sunana-in-sa-naka, inda mutum huɗu za su rubuta muƙala huɗu, kowa ya tashi da huɗu. Akwai muƙalar da sunana ke kai wadda ban karanta ta ba sai ranar da nake haɗa takardun neman ƙarin girma. Akwai kuma mujallun da ka tura musu aiki yau, bayan mako biyu su ce an karɓa, da lambar asusun banki a ƙasan wasiƙar. Na biya, ba sau ɗaya ba.

Abin kunyar shi ne duk tsawon lokacin nan ina koyar da ɗalibai tarihin Farfesa Babs Fafunwa. Ina sa su haddace cewa an haife shi a Legas a 1923, ya yi karatu a Amurka, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya zama farfesan ilimi, ya koyar a Nsukka sannan ya koma Ife, ya wallafa littafin tarihin ilimi a Najeriya a 1974, ya riƙe ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya rasu a 2010. Ina fitar da tambayar jarrabawa a kan wannan, su amsa, in ba da maki. Amma ban taɓa zama na duba yadda mutumin ya yi aikinsa ba sai da furfura ta fara fito mini.

Tambaya ɗaya ya riƙe: in aka koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi tun daga aji ɗaya har aji shida, zai ci baya ne ko zai ci gaba? Bai raba takarda yana tambayar ra'ayin malamai ba. A 1970 shi da abokan aikinsa na Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ife suka shiga wata firamare, St. Stephen's da ke Modakeke, da tallafin Gidauniyar Ford. Wasu azuzuwa aka riƙa koya musu komai da Yarbanci, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuwa ya zama darasi guda kamar kowane. Wasu kuma aka bar su a kan tsarin da aka saba, Yarbanci a shekara ukun farko, daga nan a juya zuwa Turanci. Sai ga matsala: babu littafin lissafi na aji biyar da Yarbanci, babu kalmomin kimiyya. Dole suka zauna da malaman firamare da masana harshe suka rubuta littattafan, suka ƙirƙiri kalmomin, suka horar da masu koyarwar. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu, har da na karkara, aikin ya kai 1978. Sakamakon da suka bayar shi ne yaran da aka koyar da Yarbanci zalla ba su ci baya ba, har a Turancin ma, a fannoni da dama kuma sun fi takwarorinsu.

Ba wai aikin ba shi da abin suka ba. Masu suka sun ce a makarantar farko an ba ajin gwajin malamin Turanci ƙwararre na musamman, ga sababbin littattafai, ga ido a kansu kullum, don haka ba za a ce harshen ne kaɗai ya kawo bambancin ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ku lura, sukar ma daraja ce. Aikin da za a zauna ana gardama a kansa bayan shekara hamsin, aiki ne. Nawa muƙalun ko mai zagi ba su samu ba.

Inda na fi yin ɓarna kuwa shi ne wajen duba ɗalibai a koyarwar gwaji, wadda suke kira TP. Ana ba mu jerin makarantu da ɗan alawus na mai. Ni kuwa burina in gama makaranta biyar kafin azahar. In shiga aji, in zauna minti goma, in duba littafin tsarin darasi, in ga ko an rubuta manufa da kayan aiki, in sa hannu, in ba da maki, in wuce. Wata rana na shiga aji uku na tarar da wata ɗalibata tana koyar da lissafin kaso da Turanci. Tana faɗa, yara na maimaitawa da ƙarfi kamar masu tilawa, ba wanda ya san me yake faɗi. Na ba ta maki mai kyau saboda lafazinta ya fita. Da na fito motata ta ƙi tashi, sai na tsaya a inuwar dalbejiya kusa da tagar ajin ina jiran yaran da za su tura ni. Nan na ji ta sauke numfashi ta ce, "To, ya tafi. Wa zai gaya mini, in aka raba ƙuli-ƙuli ɗaya tsakanin mutum uku, kowa me ya samu?" Aji ya kaure. Wani ya ce sulusi, ya ji a islamiyya. Wata ta ce ai ba ya rabuwa daidai. Cikin minti biyar sun kai rabi da rubu'i, har ana musu kan wanne ya fi girma.

Wato Hausar take ɓoye mini, don ta san zan rage mata maki. Alhali a lokacin tsarin ilimi na ƙasa, tun na 1977, ya ce a fara koyar da yaran firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, kuma ni da bakina na koya mata wannan a ɗakin lacca. A zauren lacca ina koyar da abu, a aji ina hukunta mai yin sa. Ga kuma tambayar bincike ta gaske an ajiye mini a gabana: me malamanmu suke yi da harsuna biyun nan in babu mai kallonsu, kuma wanne salon ne yake sa yaro ya gane? Da na riƙe ta, da ta ishe ni aikin shekara goma. Aka tura motata ta tashi, na wuce makaranta ta gaba.

A 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta ce sama da 21,000 sun faɗi, an yi ta cece-ku-ce, wasu na cewa an yi daidai, wasu na cewa zalunci ne. Ni shiru na yi. Ko ma wane ɓangare ne da gaskiya, malami bai faɗo daga sama ba. Wani ne ya zauna minti goma a bayan ajinsa ya sa masa hannu.

Ban ce ku ƙi rubuta muƙala ba. Kuna da iyali, kuma kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga kyakkyawar niyya. Abin da nake cewa, ku sa muƙalun su fito daga rijiya ɗaya mai zurfi. Ka zaɓi makaranta biyu ko uku da babur zai kai ka. Ka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ka nemi izini, ka gaishe da hedimasta yadda ya kamata, ka faɗa wa malamai cewa ba kai rahotonsu ka zo yi ba. Makonnin farko wasan kwaikwayo za su yi maka, kamar yadda ɗalibata ta yi mini. Ka yi ta zuwa har su manta kana wurin. Ka gwada karatun yaran a farkon shekara, ɗaya bayan ɗaya, ka sake gwadawa a ƙarshe, ka adana sunayen ajin don ka bi su baɗi. In abin da ka gwada bai yi aiki ba, ka rubuta cewa bai yi ba. Ni ban taɓa buga binciken da ya ƙaryata zatona ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin binciken. Aiki ɗaya irin wannan zai ba ka muƙalu biyar ko shida da za ka iya tsayawa a gaban kowa ka kare su.

Sannan ka koma ka gaya musu abin da ka gano, da Hausa. Duk abin da na rubuta a rayuwata da Turanci ne, kuma Turancin ma mai nauyi, wanda malamar aji biyu ba za ta wuce shafin farko ba. Inuwar giginya na zama, na nesa ka sha, in ma akwai na nesan da ya sha. Shafi biyu da Hausa da za a liƙa a ofishin malamai, ko rabin awa a gidan rediyon jiha, ba za su ƙara maka maki ko ɗaya ba a wurin kwamiti. Ka yi duk da haka. Kada kuma ka ɗauka da zarar bincikenka ya shiga takardar gwamnati shi ke nan. Fafunwa da kansa ya zauna a kujerar minista, amma har yau ka shiga firamaren gwamnati a Kano ko Gusau ka nemi littafin kimiyya na aji huɗu da Hausa, ka ga ko za ka samu cikin sauƙi. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma ni da nake kusa da iyaka ban taɓa tsallakawa na ga yadda suka yi ba, ina can ina neman kuɗin zuwa taro a Ingila.

Bayan na yi ritaya na koma ƙauyen nan da amsar tambayar hedimasta, na rubuta ta da Hausa a shafi uku. Na tarar ya rasu da shekara biyu. Wanda ya gaje shi tsohon ɗalibina ne, sai na roƙe shi ya ba ni aji biyu duk ranar Talata. Ya yi ta jan ƙafa don kunya, daga baya ya yarda. Yara sun haura tamanin, rabinsu a ƙasa, allon ya koɗe har alli ba ya kamawa. Na shirya darasin minti talatin da biyar kan haɗa baƙi da wasali, aka buga ƙararrawa ban kai rabi ba, na baya kuma tun tuni sun koma wasansu. Malamar ajin, yarinya sa'ar 'yata, tana zaune a baya da takardar makin da na ba ta, irin wadda na yi shekaru ina cike wa wasu. Na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, bayaninka ya yi kyau, amma da 'yan layin gaba kaɗai kake magana. In Allah Ya kai mu Talata, ka fara daga bayan aji."