Asabar ɗin da bas ya cinye

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Da hantsi ɗan yayata ya yi sallama da jitar bas ta aro, wato jita mai kaurin murya, a kafaɗa, ya zauna bakin tabarma yana cin magani. 'Yan watanni ke nan yana koyo, yatsunsa har sun fara kanta.

"Kawu, duk wanda na tambaya me zan koya sai ya ce Another One Bites the Dust ta Queen, ko Money ta Pink Floyd. Wallahi na ƙoshi da su."

Na ce to ajiye wayar nan tukuna. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, sai ka saurari waƙa har ƙarshe ba ka san akwai mai bas a ciki ba. Na jawo tsohuwar sifikata ta katako daga ƙarƙashin gado, muka kaɗe mata ƙura.

Na fara masa da Waiting Room ta Fugazi, 'yan birnin Washington, wadda ta fito a 1988. Joe Lally ne ke buɗe ta da bas shi kaɗai, sauran su biyo, sai kuma kowa ya yi tsit na ɗan lokaci. Yaron ya miƙa hannu zai duba ko waya ce ta tsinke, kiɗan ya dawo masa a fuska. Na yi dariya har da tari. Daga nan Nice 'n' Sleazy ta The Stranglers, 1978. Jean-Jacques Burnel ba shafa tsirkiya yake ba, dukanta yake, shi ya sa bas ɗinsa ke gurnani a gaban kowa maimakon ya laɓe a baya. Damaged Goods ta Gang of Four, 'yan Leeds, ita ma 1978 ce: jitar Andy Gill tana sara tana tsayawa, Dave Allen ne ke jan waƙar da bas.

Inda muka daɗe shi ne Morphine. Mutum uku ne daga yankin Boston a Amurka, kuma ba su da mai jita irin ta sauran 'yan rok: ganga, saksafon mai babbar murya a bakin Dana Colley, sai Mark Sandman da bas mai tsirkiya biyu rak, yana zamar da ƙarfe a kansu maimakon ya danna. Na sa masa Buena, daga faifan Cure for Pain na 1993. Da farko bai yarda biyu ba ne, sai da ya ga bidiyo. Na ce me ya ba ka mamaki, garaya tsirkiya nawa gare ta, ba ga shi tana tayar da mafarauta tsaye ba? Abin da ke riƙe ni a waƙar shi ne yadda bas da saksafon ke zama a ƙasa tare, babu mai hawa sama ya yi ihu, amma ba ka jin an rasa komai. Sandman ya yanke jiki ya faɗi ne yana tsakiyar wasa a garin Palestrina na Italiya a watan Yulin 1999, ciwon zuciya ya yi ajalinsa. Yaron ya yi shiru, ya ce a maimaita.

Maman yara ta aiko da dambu, ta haɗa da saƙon cewa kwanukanta na rawa a kan kanta. Muka rage murya kaɗan, kaɗan ɗin dai.

Bayan azahar na gwada shi da Poptones ta Public Image Ltd, 1979. A nan muka saɓa. Mai bas ɗinsu Jah Wobble ya ɗauko salon dub na Jamaika, ya kama layi ɗaya yana zagaya shi kusan minti takwas ba ya gajiya. Faifan, Metal Box, a cikin gwangwanin ƙarfe aka fara sayar da shi, faya-fayi uku. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, wannan ai ba ya zuwa ko'ina." Ni kuwa a ganina nan gwanintar take. Sabon makoyi ya fi son gudu da yatsu a ce masa ya iya, alhali riƙe abu ɗaya daram ba tare da ka yi sauri ko ka ja baya ba ya fi wuya nesa ba kusa ba. Na ce ya gwada minti biyu kawai. Kafin minti ɗaya ya wuce mai ganga.

Sons of Pioneers ta ƙungiyar Japan, waɗanda 'yan Landan ne duk da sunan, na sa masa don jin daɗi kawai, ba don koyo ba. A faifan Tin Drum na 1981 take. Bas ɗin Mick Karn ba shi da ƙarafan nan da ke gitta wuyan jita, don haka sautin lanƙwasa yake yana miƙewa. Na ce wannan sai ka yi gemu.

La'asar ta yi, wuta ta ɗauke, taro ya watse. Ya zaɓi Waiting Room zai fara da ita, na ce Poptones ma dole, ko yana so ko ba ya so.

Sai da na idar da isha na tuna ban sa masa Minutemen ba, abin haushi. 'Yan San Pedro ne a Kalifoniya, Mike Watt ke bas, yawancin waƙoƙinsu ba sa kai minti biyu. Na tura masa Viet Nam daga faifan Double Nickels on the Dime na 1984, na rubuta masa kada ya kuskura ya ji ta da sifikar waya. Ya amsa da cewa to in ara masa tawa. Ban ba shi amsa ba tukuna.