Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rodi Mai 16 da Rodi Mai 12

Makon jiya na tsaya a kan komawata aji karatun lauya, alhali na riga na yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Shekarun jami'a a Zariya da na makarantar horon lauyoyi a Bagauda zan tsallake su. Maganar Baffa a zaure ce ta ƙi barina: "Taura biyu ba ta taunuwa." Allah Ya jiƙansa, bai taɓa zama inda ake shari'ar gini ba.

Ita wannan shari'a a takardun wurin aiki ake cinta. In dekin ya tsage ko ginshiƙi ya lanƙwashe, a fara nemo zanen injiniya, sannan a je a sassaƙe gefen ginshiƙin a auna rodin. Zane ya ce mai milimita 16, sai a tarar da mai 12. Lauyan da bai san aikin ba zai ce ai bambancin 4 ne kawai, har ya yarda a sasanta. Ba haka ake lissafin ba. Fuskar rodi mai 16 in aka yanka shi murabba'in milimita 201 ce, ta mai 12 kuwa 113. Kusan rabin ƙarfen aka cinye ke nan, kuma kuɗin mai 16 aka karɓa.

Sai kankare. Ranar zubi ana cika 'yan akwatuna masu faɗin milimita 150, in sun kama a jiƙa su a ruwa, a matse wasu a inji bayan kwana 7, sauran bayan kwana 28. Na kwana 7 kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema. A nan maguɗin yake: a yi wa akwatunan kwaɓi na musamman, wanda ake ɗauka zuwa sama kuwa leburori su labta masa ruwa don ya yi daɗin zubawa. Takardar gwaji fes, gini kuma yana marmashewa a hannu. Don haka ake roƙon kotu ta sa a huda ginin a ciro kankaren kansa a gwada.

Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba ƙwararre damar faɗar ra'ayinsa, amma lauya ba ya zama shaida a ƙarar da yake tsaye a kanta. Injiniyancin sai wajen yi wa shaidan ɗaya ɓangaren tambayoyi yake fitowa: wa ya ɗebi samfurin, daga wane kwaɓi, wa ya sa hannu a ranar? Manyan da ke kirana birkila mai hular gashi a harabar kotu, su ne daga baya suke aiko mini da zane da daddare in duba musu. Ga taura biyun Baffa nan.

Kada a ce 'yan kwangila kaɗai nake zargi. Mai gini kan zo ya ce a ƙara bene da fatar baki, ɗan kwangila ya ji nauyin cewa "Alhaji, a rubuta." A yarjejeniyar FIDIC ta 1999, wato tsarin kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, sashe na 20.1, ɗan kwangilar da bai ba da sanarwar neman ƙari cikin kwana 28 ba ya rasa ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci, komai gaskiyarsa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai batun kuɗin da ake riƙe wa ɗan kwangila bayan ya miƙa makulli.