Tarkacen jirgin yaƙi a kan dutse

Yau na ga hoton jirgin yaƙi da ya faɗi cikin tsaunuka, ga wani yaro riƙe da guntun ƙarfe, hayaƙi na tashi a bayansa. Wallahi gabana ya faɗi.

Kujerar da ke cilla matuƙi tana da roka a ƙarƙashinta. In ba ta tashi ba, taɓa ta ganganci ne. Zafi na fasa harsasai. Jirgin yaƙi samfurin F-16 kuwa na ɗauke da kusan lita 25 na haidirazin, guba mai ƙone fata da huhu. A ja baya sosai, a tsaya ta inda iska ke fitowa, saman gangare, don man jirgin da ya zube ƙasa yake gangarawa. Masu ceto kan yi sa'o'i kafin su hau dutsen, yaron nan kuwa tuni yana cikin hayaƙin.